Gidan gilashi ko gidan leda don tumatir da tattasai

Wa alaikumus salam, Malam. Tsakanin gidan shuka na gilashi da na leda da ka tambaya a kansu saboda tumatir da tattasai, na leda za ka kafa, wato mai rufin leda da bangon raga. Ina faɗa maka haka ne domin irinsa nake da shi a gonata da ke gefen Zariya, kuma har yau ban ga dalilin da zai sa manomi a ƙasar Hausa ya zuba jarinsa a gilashi ba.

Gidan gilashi dabara ce ta mutanen ƙasashen sanyi, kuma an yi shi ne domin ya tara zafi ya riƙe. A lambun Kew da ke Landan akwai wani katafaren gini na ƙarfe da gilashi da aka kammala a 1848, ba don komai ba sai don a raya itatuwan ƙasashe masu zafi irin su kwakwar manja da koko, waɗanda sanyin Ingila zai kashe su a waje. A Holan, inda wannan sana'a ta fi ko'ina bunƙasa, akwai kimanin hekta 10,000 da ke ƙarƙashin gilashi, mafi shahara a yankin Westland, kuma duk da gilashin sai sun ƙona iskar gas suna ɗumama gidajen a lokacin sanyi. Abin da suke kashe kuɗi suna nema shi ne Allah ya ba mu kyauta, har ya yi mana yawa a wasu watanni.

Damuwarmu a nan ita ce yadda za mu rage zafi, mu tare ruwan sama, mu hana ƙwari shiga. Tumatir ya fi jin daɗi idan zafin rana bai wuce digiri 30 ba, kuma da zarar ya kai 35 ya ɗore a haka, fure zai riƙa zubewa ba tare da ya ƙulla ɗa ba, ko da ganyen yana nan shar kamar babu abin da ya same shi. A Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40 a inuwa, Kano ma ba ta da nisa da haka. Duk wanda ya taɓa buɗe motar da aka bari a rana da tagoginta a rufe ya san abin da gilashi yake yi wa iskar da ke cikinsa. Kafin gidan gilashi ya yi amfani a bazara sai an haɗa masa manyan fankoki da bangon da ruwa yake jiƙawa domin sanyaya iska, kuma waɗannan suna bukatar wuta da ruwa ba yankewa. Idan wuta ta ɗauke da tsakar rana, janareto kuma ya ƙi tashi, 'yan sa'o'i kaɗan sun isa su lalata shukar da aka yi watanni ana wahala a kanta. Ga nauyi kuma: gilashi mai kaurin milimita 4 yana da nauyin kilo 10 a kowace murabba'in mita, don haka dole ƙarfen da zai ɗauke shi da harsashin ginin su zama na gaske, kuɗin kuma ya ninka. Abin da zan iya faɗa a kansa na alheri shi ne yana daɗewa shekaru masu yawa kuma haske yana ratsa shi sosai, wanda ya sa ya dace da cibiyar bincike mai kasafin kuɗi da wuta tsayayyiya.

Ƙasashen da yanayinsu ya fi kusa da namu leda suka zaɓa. A lardin Almeriya da ke kudancin Sifaniya, wuri mai rana da ƙarancin ruwa, gidajen leda sun rufe fiye da hekta 30,000, kuma daga nan ake loda wa Turai tumatir da tattasai da kokwamba a lokacin sanyi. Gonakin furanni na Naivasha a Kenya ma a ƙarƙashin leda suke.

Gidan ledan da ke gonata faɗinsa mita 8 ne, tsawonsa 24, wanda shi ne girman da aka fi samu a hannun masu kafawa a Najeriya. Ban san darajarsa sosai ba sai a daminar farko, lokacin da ruwan Agusta ya sauka babu ƙaƙƙautawa, tumatirin da maƙwabta suka gwada a fili ya kama ciwon ganye ya ruɓe tun yana ɗanye. A cikin gidan kuwa ganye a bushe yake, ruwa a gindin shuka kawai yake ɗiga ta tiyo, tumatir ya hau igiya ya wuce tsawon mutum. Ina tsinka ne a daidai lokacin da tumatirin Kadawa da Ɗanja ya ƙare a kasuwa, mata suna koma wa busasshe da na gwangwani, masu saye kuma suna biyo ni har bakin gona. Wani dattijo maƙwabcina da ya yi ta ce mini tumatir ba ya yi da damina ya shigo ya daɗe yana duba zangarniyar, daga baya ya turo ɗansa ya koyi yadda ake ɗaure shuka da cire rassan gefe, kuma wannan ya faranta mini rai fiye da cinikin. Ribar gidan leda a wurinmu tana cikin damina da ƙarshen bazara ne, domin da rani, lokacin da kowa yake da tumatirin fadama, farashi yakan faɗi warwas.

Amfanin ragar ya wuce shigar iska. Ka tuna abin da tsutsar sharon, mai cinye ganye da 'ya'yan tumatir, ta yi a 2016, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Raga mai ƙananan idanu, lamba 40 ko 50, tana hana malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar shiga, tana kuma tare farin ƙuda mai yaɗa ciwon nannaɗewar ganye, da sharaɗin a yi ƙofa biyu a jere kuma kada a bar ko ɗaya a buɗe. Sai dai tun da iska mai ƙarfi da ƙudan zuma ba sa shiga, kai ne za ka riƙa girgiza igiyoyin da hantsi domin furen ya ɗauka.

Ledar tana da nata aibin. Bayan shekara 3 zuwa 4 rana takan cinye ta, sai an canza. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kanta ta rage haske, don haka sai an wanke. A watan Afrilu ita ma tana ɗaukar zafi, shi ya sa nake ba da shawarar gida mai tsawo, mai buɗaɗɗiyar kafa a ƙololuwar rufi da aka toshe da raga, inda iska mai zafi za ta fita, a kuma shimfiɗa ragar inuwa a sama idan bazara ta tsananta. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, saboda haka ginshiƙai su shiga siminti. Da iska ta taɓa yaga mini gefen rufi, da ƙyallen leda da salatif ɗinta na musamman muka ɗinke kafin azahar, abin da ba zai yiwu ba da gilashi ne ya tarwatse a kan shuka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. A Turancin Ingila glasshouse na nufin wanda aka yi da gilashi takamaimai, galibi manyan na kasuwanci, greenhouse kuma suna ne da ya haɗa kowane iri, amma a tallace-tallacen Facebook da WhatsApp ana cakuɗa su da gangan: a saka hoton gidan gilashi na Holan, a karɓi kuɗi mai yawa, a kawo leda. Ledar ma sau da yawa ba ta gidan shuka ba ce, ta rufe kaya ce wadda ba a yi mata maganin zafin rana ba, kuma kafin shekara ta zagayo za ta fara tsagewa. Ka sa a rubuta maka a takardar yarjejeniya cewa kaurin ledar maikiron 200 ne kuma mai jure rana ce, ka ga tambarin kamfanin a jikin naɗin kafin a buɗe. Ƙarfen ya zama farin bututu mai ruwan tutiya, domin wasu baƙin bututu suke shafa wa fenti mai ruwan azurfa, damina ɗaya ya fara tsatsa. Ka karce shi da makulli a gabansu. Wasu kuma gidan sauro suke kawowa a madadin ragar ƙwari. Duk wanda ya lissafa maka kwandunan da za ka tsinka da ribar da za ka ci tun bai ga ƙasarka da ruwanka ba, ka ƙyale shi. Ka nemi ya kai ka wata gona da ya kafa shekara biyu da suka wuce, ka yi magana da mai gonar ba a gabansa ba, kuma kada ka biya kuɗin gaba ɗaya sai an gama ɗaura rufi.

Ka fara da guda ɗaya. Kuɗin da ka yi niyyar sa wa a gilashi ka raba shi tsakanin rijiyar burtsatse ko tanki mai kyau, famfo mai sola, tiyon ɗigo da ingantaccen iri mai hawa igiya. Idan an taɓa noma tumatir ko gauta a filin, akwai yiwuwar tsutsar saiwa da ciwon yaushi suna cikin ƙasar, don haka ka shuka a cikin buhuna da ƙasar da aka gasa aka cakuɗa da ruɓaɓɓen taki. Ka yi renon iri a watan Afrilu ka dasa a Mayu, domin tsinkarka ta faɗo a Yuli da Agusta.