Jirgin Cuxhaven zuwa Helgoland: tikitin yini ɗaya bai isa mai kallon tsuntsaye ba

Helgoland ƙaramin tsibiri ne na Jamus a Tekun Arewa. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Mayu, ƙananan tsuntsayen da suka yi hunturu a Afirka, ciki har da yankinmu na Sahel, sukan yada zango a nan kan hanyarsu ta zuwa arewacin Turai. Tun 1909 ake sa musu zobe a ƙafa a tsibirin, kuma tashar binciken tsuntsaye da aka kafa a 1910 tana aiki har yau.

Jirgin ruwan da ke tashi daga Cuxhaven, wani gari a gaɓar tekun arewacin Jamus, da safe yana cin kusan awa biyu da rabi. Akwai wurin zama a ciki da abin taɓawa, amma ka hau sama da madubin hangen nesa. In teku ta tashi, a sha maganin jiri tun kafin a shiga, ba sai zuciya ta fara tashi ba.

Matsalar tana wajen lokaci. Mai tikitin zuwa da dawowa a yini ɗaya awa uku zuwa huɗu kawai yake samu, kuma da tsakar rana. Su kuwa ƙananan tsuntsayen nan yawancinsu tafiyar dare suke yi, da asuba suke sauka a gajiye, musamman in iska ta kaɗo daga gabas ga yayyafi. Kafin jirgi ya iso, da yawa sun shige cikin ciyayi. Don haka a kama ɗaki tun da wuri, a kwana biyu ko uku.

Wanda dole sai yini ɗaya, ya zaɓi abu guda. Ko ya hau jan dutsen da ke kusa da Lange Anna (wani dogon dutse da ke tsaye shi kaɗai a ƙarshen tsibirin), inda manyan fararen tsuntsayen teku da Jamusawa ke kira Basstölpel suke sheƙa tun 1991. Kusa suke ƙwarai, har kana ganin shuɗin da ya zagaye idonsu, kana kuma ganin igiyoyin roba na ragar masunta da suka saƙa cikin sheƙa, waɗanda kan shaƙe wasunsu su mutu a rataye. Abin ba daɗin gani.

Ko kuma ya shiga ƙaramin jirgin fito zuwa Düne, ƙaramin tsibirin rairayi da ke maƙwabtaka da Helgoland, tafiyar 'yan mintoci. Can ne dabbobin teku masu kama da ayu suke kwance a rairayi. Doka ce a bar mita 30 tsakani, domin suna cizo, kuma a kan yashi sun fi yadda ake zato sauri.

Baƙo ba ya tuƙa mota ko keke a tsibirin, ƙafa ce abin hawa. A tafi da takalmi mai ƙwari da rigar da iska ba ta ratsawa, ko da a watan Mayu ne.