Boksin ko Muay Thai: Wanne Ya Kamata Ka Biya Kuɗin Koyo?

Duk wanda ya taɓa zama a gidan dambe ya san cewa hannu ɗaya da aka naɗe da kara ya isa ya kai ƙato ƙasa. Shi ya sa idan matashi ya ga bidiyon 'yan Tailan suna dambensu na muay thai, suna haɗa naushi da shuri da gwiwa, sai ya ce ai magana ta ƙare, mai makami takwas ya fi mai biyu. A lissafin takarda haka ne. Amma mai shirin biyan kuɗin wata a gidan motsa jiki ba lissafin takarda ke gabansa ba. Abin da ke gabansa shi ne wanda zai samu mai koya masa da kyau, wanda aljihunsa zai ɗauka, wanda kuma jikinsa zai jure har ya iya.

Boksin wasa ne da aka ƙuntata shi da gangan. Tun dokokin Queensberry da aka buga a Ingila a 1867, tsarin bai sauya sosai ba: safar hannu, turmi na minti 3, hutun minti 1, wanda ya faɗi a ƙirga masa 10. Ba shuri, ba duka ƙasa da ƙugu, idan kun rungumi juna alƙali ya raba ku. Wannan ƙuntatawar ce ta sa ya yi zurfi. Da yake ɗan boksin ba ya tsoron a tare masa cinya, sai ya tsaya a karkace, ya ba abokin karawa kafaɗa, ya riƙa sunkuyawa yana kauce wa naushi da tazarar ɗan yatsa. Naushin asali bai wuce iri huɗu ba: na gaba mai tsokana, na baya mai nauyi, na gefe mai lanƙwasa, da mai tasowa daga ƙasa ya sami haɓa. Cikin 'yan makonni za ka san su duka. Shekaru kuma za ka yi kana koyon yadda za ka ajiye ƙafarka kafin ka sake su, domin a gaskiya boksin aikin ƙafa ne da ake kammalawa da hannu.

Muay thai kuwa ya buɗe ƙofa: dunƙule biyu, gwiwar hannu biyu, gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. A manyan filayen Bankok, wato Rajadamnern da aka buɗe a 1945 da Lumpinee na 1956, tsarin gargajiya turmi 5 ne na minti 3, da hutun minti 2 a tsakani, ana yi ana busa da kiɗa. Mu da muka saba ganin kalangu na zuga 'yan dambe, wannan ba baƙon abu ba ne. Har ma kafin safar hannu ta shigo wajen shekarun 1920 zuwa 1930, igiya suke naɗewa a hannu, kusan yadda ake naɗa kara.

Tsayuwarsu daban ce. Ɗan muay thai yana miƙewa tsaye, ƙirji na fuskantar gaba, ƙafar gaba a sake, don ya ɗaga ƙwauri ya tare shuri. Idan ya sunkuya irin na ɗan boksin, gwiwa ce za ta tarbi fuskarsa. Shi ma ɗan boksin idan ya zuba nauyinsa a ƙafar gaba kamar yadda ya saba, shuri uku ko huɗu a cinya sun isa su hana shi taka ƙasa. Amma abin da ya fi bambanta wasannin biyu ba shurin ba ne, riƙo ne. Inda alƙalin boksin ke cewa a rabu, nan ɗan muay thai ke fara aiki: ya kama wuya, ya ja kai ƙasa, ya zuba gwiwa a haƙarƙari, ya juya mutum ya yar. Rabinsa dambe ne, rabinsa kokawa a tsaye. Wanda ya taso yana kokawa a dandali zai ji wannan sashen ya zauna masa da wuri.

Ko wajen ba da maki ba a haɗu ba. A ƙa'idar Tailan ta gargajiya, shuri mai kyau a jiki da gwiwa sun fi naushi daraja, sai dai idan naushin ya girgiza mutum a fili, kuma turmi na 3 da na 4 ne suka fi nauyi a idon alƙalai. Wannan ne ya sa 'yan muay thai da yawa hannunsu bai kai ƙafarsu gogewa ba. Ba wai ba su iya ba ne. Samart Payakaroon ya riƙe kambun Lumpinee sannan ya ci kambun duniya na hukumar WBC a boksin a 1986. Saensak Muangsurin ya ci kambun duniya a 1975 a wasansa na uku kacal na ƙwararrun boksin. Somluck Kamsing, wanda ya kawo wa Tailan zinarenta na farko a Olamfik a 1996, shi ma daga muay thai ya fito. Sai dai a lura, waɗannan mutane ne da suka fara hawa fage tun suna yara, ba masu zuwa atisaye sau uku a mako bayan tashi daga aiki ba.

Yanzu batun aljihu. Mai fara boksin yana buƙatar bandejin naɗe hannu, robar kare haƙora, igiyar tsalle da safar hannu. Takalmin boksin na iya jira, kambas mai shimfiɗaɗɗen ƙasa zai yi. Muay thai ba takalmi ake yi ba, amma sai ka ƙara da makarin ƙwauri da makarin gaba, kuma buhun da ake shura dogo ne har kusan ƙasa, ba irin wanda ake ratayewa daidai ƙirji ba. Kada a ruɗe ka da safar da ake sawa a fagen gasa, mai nauyin oza 8 ko 10. Don gwada hannu da abokin atisaye, oza 14 ko 16 ake so. Safar muay thai, irin ta kamfanin Fairtex ko Twins, tafinta ya fi buɗuwa saboda riƙo, bayan hannunta kuma ya fi soso saboda tare shuri. Ta boksin ta fi tsawo a wuyan hannu, ta fi ƙulle dunƙule. Za ka iya boksin da ta muay thai ba tare da wata matsala ba, amma riƙon wuya da ta boksin yana da wahala. Jabu kuma sun cika kasuwa. Danna soson da babban yatsa, idan ka ji ya lotsa har kana jin ƙashin hannunka, ajiye musu kayansu, komai kyan tambarin.

Ciwo kowanne da irin nasa. Na muay thai yana fitowa fili: ƙwauri ya kumbura, cinya ta yi tsami, yatsun ƙafa su targaɗe, watannin farko tafiya ma sai a hankali. Akwai masu cewa a murza kwalba a ƙwauri ko a shuri icce don ya yi tauri. Shirme ne, ƙwauri yana sabawa ne da dukan buhu a hankali, wata bayan wata. Na boksin kuwa ɓoyayye ne, kuma shi ya fi ba ni tsoro. Da yake wurin duka bai wuce kai da gangar jiki ba, kan ne ke shan mafi yawa, kuma ƙwaƙwalwa ba ta yin tauri kamar ƙwauri. Hular kariya tana hana tsagewar fata, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza. A nan 'yan Tailan sun yi dabara: gwajinsu na yau da kullum kamar wasa ne, ana taɓawa ana dariya, saboda suna yawan hawa fage, ba sa son ɓata jiki a gida. Gidajen boksin da dama kuwa har yanzu suna ganin jarumta ce a farfasa wa sabon shiga baki.

Musulmi yana da tambayoyi biyu da ya kamata ya yi tun kafin ya biya. Muay thai na da al'adar rawar girmama malami kafin wasa, da durƙuso har goshi ya kai ƙasa, da wani zobe da ake ɗora wa ɗan wasa a ka. Gidajen horo da yawa a wajen Tailan ba sa tilasta wannan, amma a tambaya. Gajeren wandonsu ma ana iya sa dogo mai kama jiki a ƙarƙashinsa. Sai dukan fuska, wanda ya shafi wasannin biyu, kuma malamai sun yi magana a kai. Wanda burinsa rage tumbi da ƙarfin numfashi ne, yana iya tsayawa kan buhu da matashin hannun koci, bai doki kowa ba, kowa bai doke shi ba.

To, wanne? Idan don kare kai ne a tsaye, kuma koci biyu masu ƙwarewa ɗaya suna gabanka, muay thai ya fi cika. Amma a ƙasashenmu da wuya ka samu haka. Boksin yana da saiwa a nan. Hogan Bassey ya ci kambun duniya a 1957, Dick Tiger a 1962. Lambar Olamfik ta farko da Najeriya ta samu, tagullar Nojim Maiyegun ce a 1964, ta farko ga Nijar kuma tagullar Issaka Daboré ce a 1972, dukansu a boksin. Unguwar Bukom a Akara ta fitar da zakaru irin su Azumah Nelson. Ma'ana akwai tsofaffin 'yan wasa da suka san aikin, akwai gasa, akwai hanyar zuwa Olamfik, wadda muay thai bai samu ba tukuna duk da amincewar da hukumar Olamfik ta yi wa ƙungiyarsa a 2021. Sau da yawa abin da ake tallatawa da sunan muay thai a gidajen motsa jiki, tsalle-tsalle ne da shurin iska.

Gane gidan horo na gaske ba wuya. Je ka zauna ka kalli darasi ɗaya kafin ka fitar da ko sisi. Idan muay thai ne, duba ko ana koyar da riƙon wuya da tare shuri da ƙwauri, ko kocin na riƙe matashi da kansa yana gyara juyin ƙugu. Idan boksin ne, duba ko ana ɓata lokaci kan taku da tsaron haɓa, ko kuwa tun ranar farko ake haɗa sabon shiga da tsohon hannu. Biya na wata ɗaya, kada ka yarda da na shekara komai rangwamen. Idan ka samu kocin muay thai da ya ci wannan jarrabawar, kama shi. Idan babu, fara da boksin, ka roƙi kocin ya bar ka ka tsaya a ɗan miƙe, kada ka saba zuba nauyi duka a ƙafar gaba, don ranar da ka koma muay thai gyaran ya zo da sauƙi.