Fim ɗin yaƙi na gaskiya da na bogi: abin dubawa kafin ka miƙa wa mai turi memorinka

Ranar kasuwa, Juma'ar Wudil ce ko Alhamis ɗin Maigatari, rumfar mai turi ba ta rabo da samari. Kowa ya zo maganar ɗaya ce: "A zuba min na yaƙi." Shi kuwa mai turi abin da ke kusa da hannunsa yake kwasowa, kuma mafi yawa irin wanda akta ɗaya zai shiga barikin abokan gaba da singileti ya karkashe su ya fito ko ƙwarzane babu. Mai son wannan ba ni da ja da shi, kuɗinsa ne. Maganata da wanda yake so ya ga yadda yaƙi yake cin mutane da gaske, yake kuma neman wanda zai zaɓa tunda memori ba ta ɗaukar komai da komai.

Abu na farko da nake dubawa shi ne ko harsashi na ƙarewa. Gidan harsashin AK-47 guda 30 yake ci, in kuma ka danne kunama ba ka saki ba, cikin kamar daƙiƙa uku ya ƙare. Duk fim ɗin da mutum zai yi minti biyar yana feshi bai tsaya ya canja ba, ka san wasa ake. Haka harsashi ba ya ɗaga ƙato ya wurga shi bayan katanga, gurneti kuma ba ya tashi da wuta kamar tankar mai ta kama. Ƙura ce da ɓarɓashin ƙarfe, su ne ke kisa. Amma waɗannan ƙananan ma'aunai ne. Babban ma'aunina shi ne abin da fim ke yi da gawa. In mutum ya faɗi, akwai wanda ya san sunansa? Akwai uwa ko mata da labarin zai je wa? Mu da muka san zaman makoki, muka san yadda gari ke yin tsit in an fito da makara, bai kamata a ruɗe mu da fim ɗin da mutane ɗari za su mutu ba a ga hawayen kowa ba.

A kan wannan ma'auni, wanda na sa a gaba shi ne Lion of the Desert, wanda a nan aka fi sani da fim ɗin Umar Mukhtar. Ya fito a 1981. Mustafa Akkad, ɗan asalin Siriya, shi ya shirya shi da kuɗin gwamnatin Libiya ta zamanin Gaddafi, Anthony Quinn kuma ya fito a matsayin dattijon. Labarin ba ƙage ba ne. Italiya ta shiga Libiya a 1911, Umar Mukhtar kuwa malamin Alƙur'ani ne na ɗariƙar Sanusiyya da ya shafe kusan shekara ashirin yana yaƙar su a tsaunukan Jabal Akhdar, da dawakai da tsofaffin bindigogi, su kuma da tankoki da jiragen sama. Da Musolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, ya gaji, ya tura Janar Graziani. Shi Graziani da ya ga ba zai ci mayaƙan a fili ba, sai ya koma kan masu ciyar da su: aka kwashe mutanen karkara kusan 100,000 aka tsare a sansanoni, dubbai suka mutu da yunwa da cuta, aka karkashe dabbobi, aka ja wayar ƙaya mai tsawon kilomita wajen 270 a kan iyakar Masar don kada abinci da makami su shigo. An kama dattijon a watan Satumba na 1931, aka rataye shi ranar 16 ga watan a Suluƙ, a gaban dubban mutanen da aka tilasta wa kallo.

Duk wannan yana cikin fim ɗin, har da tsofaffin hotunan sansanonin na ainihi da aka cusa a tsakiya. Shi ya sa nake fifita shi. Yaƙin da yake nunawa irin wanda mutumin ƙauye zai gane ne nan take: an ƙone amfanin gona, an lalata rijiya, an kwashe maza, an bar mata da marayu. Akwai wurin da mayaƙa ke ɗaure ƙafafunsu da igiya don kada tsoro ya sa su gudu, tanka ta zo ta bi ta kansu. Ba kiɗan jarumta da zai sa ka ji daɗin wannan wuri. Akwai kuma inda dattijon ya hana yaransa kashe wani matashin sojan Italiya da aka kama, don a wajensa zaluncin abokin gaba ba hujja ba ce ta kwaikwayonsa. Sannan akta ya mutu, an rataye shi, tabaraunsa ya faɗi ƙasa. Yaran da suka saba da cewa akta ba ya mutuwa sukan zauna jugum bayan an tashi. Italiya ta hana nuna fim ɗin a 1982, sai a 2009 aka haska shi a wata tashar talabijin ta can, hoton Umar Mukhtar kuma ya daɗe a kan takardar dinari 10 ta Libiya. Aibinsa ɗaya da zan yarda da shi, jinin zamanin ne, ja-wur kamar fenti, wasu kuma faɗuwarsu ta 'yan wasa ce.

In raunin jiki da ƙarar fagen fama kake son gani yadda suke, Saving Private Ryan na 1998 ya fi shi, ba gardama. Steven Spielberg ne ya shirya, Tom Hanks ya ja. Minti ashirin da 'yan kai na farko saukar sojojin Amurka ce a gaɓar Omaha ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu, inda sama da 2,000 suka mutu ko suka jikkata ko suka ɓace a yini guda. Ana buɗe ƙofar kwale-kwale ana zubar da na gaba kafin su taka ƙasa. Wani nauyin kayansa ya nutsar da shi, wani yana yawo yana neman hannunsa da ya cire. An yi amfani da masu yankakkun gaɓoɓi na gaske wajen ɗaukar wurin. In bam ya tashi kusa, sautin fim ɗin kansa yakan toshe kamar kunnenka ne ya dode. Can gaba likitan tawagar ya sha harbi a ciki, ya san abin da ya same shi tunda aikinsa ne, ya mutu a hankali yana kiran uwarsa. Sai dai jigon labarin, wato tura mutum takwas su nemo mutum ɗaya, ƙirƙira ce da aka ɗora a kan wani abu makamancinsa da ya faru da 'yan gida ɗaya. Na ba shi na biyu, kuma kada a kunna shi gaban ƙananan yara.

Black Hawk Down na 2001 ya iya harbi, amma ni yana ƙona min rai. Faɗan Mogadishu ne na 3 da 4 ga Oktoba 1993. Sojojin Amurka 18 suka mutu, kowanne fim ɗin ya tsaya a kansa, Somaliyawa kuwa ɗaruruwa suka mutu, suna zuba ba suna ba dangi. Wata guda kafin nan an kashe sojojin Najeriya bakwai a garin nan, amma a irin wannan fim baƙar fata abin harbi ne kawai. Border na Indiya, 1997, a kan faɗan Longewala na 1971 tsakanin Indiya da Pakistan aka gina shi, inda a zahiri sojan Indiya biyu suka mutu, fim ɗin kuwa ya kashe jarumai rututu, ga waƙa a tsakiyar daji. Rambo da Commando na gidan biki ne. Come and See na 1985, na tsohuwar Tarayyar Sobiyat, ya fi duka ɗaci, musamman inda Jamusawa suka kulle mutanen ƙauye a ɗaki suka cinna wuta, amma samunsa a kasuwar ƙauye sai an dace, kuma mai raunin zuciya ya bar shi. Na yaƙin Bama da kakanninmu suka je a rundunoni na 81 da 82 kuwa, ban taɓa cin karo da shi a rumfar kowa ba.

To duk wannan zaɓe banza ne in abin da aka zuba maka jabu ne, nan kuma ne cutar take. Na taɓa tara mutanen unguwa bayan isha'i, aka haɗa kuɗin man janareto, aka shimfiɗa tabarmi, har da dattawa da ba sa kallo suka zo don sun ji labarin malami ne. Ana isa wurin da aka kama Umar Mukhtar fim ya tsaya cak. Mai turin da ya zuba min ya rantse cikakke ne. Shari'ar da rataya, wato abin da aka taru dominsa, babu su. Saboda haka ka duba tsawon fim kafin ka biya. Na Umar Mukhtar da na Tom Hanks kowanne kusan awa uku ne; ka ga awa ɗaya da rabi, an yanke. Ja shi zuwa ƙarshe a nan gaban mai turin ka ga sunaye suna hawa. In ya ce, "Haba Baba, ai layi ake," ka ce masa kai ma layin ka bi.

Sai memorin kanta. Akwai wadda aka rubuta giga 32 ko 64 a jikinta, alhali cikinta bai kai kwata ba. Waya za ta nuna maka girman da aka rubuta, turi zai shiga lafiya lau, sunayen finafinai duk su bayyana, sai ka je gida na farko-farko su buɗe, sauran su ƙi. Arahar da ta yi yawa ita ce alamarta, araha kuwa ba ta ado. Ka sa a cika ta, ka buɗe na ƙarshen da aka tura ka gwada, ba na farko ba.

Fassarar Hausa ita ma a yi hattara. Akwai masu yi da kyau, sun kuma taimaki wanda ba ya jin Turanci. Amma akwai waɗanda ba su fahimci labarin ba, sai su cike gurbi da barkwanci: soja yana shure-shuren mutuwa, mai fassara yana sa masa zancen bashin mai shayi a baki, gidan kallo ya ɗauki dariya. Wasu kuma sukan danne sautin asali gaba ɗaya, ƙarar igwa da numfashin mai rauni duk su tafi, a bar ka da muryar mutum ɗaya yana yin namiji yana yin mace. A Saving Private Ryan sautin nan rabin fim ne. Saurari minti biyu daga wurin faɗa, in ba ka jin harsashi a bayan magana, bar shi. Wanda aka ɗauka da waya a sinima, mai duhu da inuwar kawunan mutane, shi ko kyauta kada ka karɓa.

Akwai kuma wata sabuwar damfara. Ana yanko hotunan wasan kwamfuta, musamman wani mai suna Arma 3, a dusashe su, a ce sabon fim ne ko ma yaƙin da ake yi yanzu a wata ƙasa. Za ka gane shi da jirgi yana ta shawagi cikin dare ana harba masa wuta, ba fuskar mutum a kusa, ba magana, hayaƙin kuma iri ɗaya ne kullum. Mafi muni shi ne mai turin da zai cusa maka bidiyon kisan gilla na gaske cikin jakar finafinai, wai gyara ya yi maka. Waɗannan 'ya'yan wasu ne, iyayensu na raye, wayar kuma gobe tana hannun ƙaninka ko ɗanka. Ka buɗe jakar tun kana rumfar, duk abin da ba ka ce a zuba ba a goge shi a gabanka, sannan ka biya.