Rumfar faranti ko mai fanka: wacce ta dace da zafin Damagaram?

Ma'aunin zafi in rana ta taɓa shi, zafin jikinsa yake faɗa, ba na iska ba. Shi ya sa mai ƙaramar tashar yanayi a gida dole ya yi masa rumfa.

Rumfar iri biyu ce. Ta farko fararen faranti ne jere a kife, iska na ratsa tsakaninsu. Ba ta cin wuta, ba ta lalacewa da wuri. Sai dai da iska ta dogara. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, in iska ta tsaya cak da tsakar rana, farantan kan ɗumama, ma'aunin ya zarce gaskiya. Kuma a lokacin ne aka fi bukatar sahihin lissafi.

Ta biyu tana da ƙaramar fanka mai zuƙo iska ta bi ta kan ma'aunin. Ta fi daidai, amma ga tsada, ga neman batir ko sola. Ƙurar hunturu kan toshe fankar, in ta tsaya ba ka lura ba, lissafin ya ɓaci.

Ni dai a Zinder (Damagaram) mai fanka zan ɗauka, in riƙa share ta. Kowacce ce, a kafa ta tsakanin mita 1.25 da 2 daga ƙasa, nesa da katanga da rufin kwano.