Lindt Excellence 70%: cakulan da ba a yi masa gaggawa

Wanda ya saba da cakulan mai madara, ranar da ya fara ɗanɗana wannan sai ya yamutsa fuska. Akwai ɗaci, ba zan ɓoye ba. Amma ɗacin gaisawa kawai yake yi ya wuce, muddin ba tauna shi aka yi ba.

Gram 100 ne a kwali, an tsaga shi gida goma, kowane falle siriri mai faɗi. Sirantar nan na fi yaba musu. In ka ɓalli ɗaya za ka ji ya yi ƙas, bakinsa sumul, ba ya marmashewa. Ɗora shi a harshe ka rufe baki. Man koko yana narkewa ne wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da ɗumin jikin mutum, don haka haƙori ba shi da aiki a nan. Da fari ɗaci, sai ɗan tsami-tsami, can daga baya zaƙi ya biyo da ƙanshin banila. Ko tsaki ɗaya harshe ba ya ji. Laushin nan gadon gida ne: a 1879, a birnin Bern na Suwizalan, Rodolphe Lindt ya ƙirƙiro injin da ke murza cakulan yana juya shi sa'o'i da dama. Kafin nan garas-garas ake cin sa.

Kashi 70 da ke jikin kwalin koko ne da mansa a haɗe, ragowar kusan duk sukari ne, wajen gram 30 ke nan. Maiƙo kuma ya kai gram 40. Masu cinye shi kwali guda da sunan yana gyara jiki, a yi hattara, kayan zaƙi ne dai. Ni falle biyu ke isata. Na gwada mai 85, ya fi ƙarfina, busar min da baki yake yi. Yarana kuwa ko na 70 ɗin ba sa kallo, kuma hakan bai ɓata min rai ba ko kaɗan.

Babban abokin gabansa zafi. Na taɓa saya a wani shago, da na buɗe sai na ga ya yi fari-fari. Ba lalacewa ya yi ba, man ne ya narke ya taso sama ya sake daskarewa. Yana ciwuwa, sai dai ƙas ɗin nan da laushin sun tafi, kuma su aka biya wa kuɗi. Laifin ajiyar mai shago ne. Tun daga nan sai na shafa kwalin na ji ko ya lanƙwashe ko ya yi ƙulu-ƙulu kafin na ɗauka.

In dole sai an sa a firij, a kulle shi cikin mazubin da iska ba ta shiga, don yana kwasar warin duk abin da ke kusa da shi. In an fito da shi a bari sanyin ya sake shi kafin a buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta masa.