Wanda ya tsara mana nutso a Zanzibar bai taɓa jiƙa ƙafarsa ba

Tun da muka dawo ake damuna a WhatsApp, wai in ba da lambar kamfanin da ya shirya mana tafiya. Ban ba kowa ba, kuma ba rowa ba ce. Ku karanta wannan tukuna, in har yanzu kuna so, ai kun san irinsu, masu cika Instagram da hoton farin yashi da kwale-kwale.

Ni da uwargida muka tafi, a watan Fabrairun 2025, saura 'yan makonni a kama azumi. Kwana biyar a Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin Unguja, wanda shi ne akasari ake nufi in an ce Zanzibar. Abu ɗaya ne ya raba ni da Kano: in saɓa tukunyar iska a baya in nutsa cikin teku. Iyo dai na iya tun ina yaro, a kududdufin bayan gari muka koya, da bulalar da ke biyo baya in an dawo gida ido ya yi ja. Sau uku ina faɗa wa saurayin da ke ofishin nasu cewa duk sauran abubuwan da suka jera ƙari ne, nutson shi ne tafiyar. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, mun ajiye maka shi ranar ƙarshe don ka rufe da mai daɗi." Har yaba masa na yi.

In ba su haƙƙinsu, biza ta fito a kan kari, kuma mai fasfon Najeriya ya san ta Tanzaniya ba a filin jirgi ake karɓarta ba, sai an nema tun daga gida an jira. Otal ɗin ma ba laifi. Amma ba su ce mana uffan ba game da inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun Oktoban 2024, dala 44 kowane mutum. A filin jirgin Abeid Amani Karume muka ji labarinta, muna tsaye muna fama da waya da katin banki, mutane na wuce mu. Wannan na yafe tun a can.

Abin da ban yafe ba ranar Alhamis ya faru. Mun dawo daga ganin manyan kunkuran nan na tsibirin Changuu, bayan la'asar muna tattaki a bakin ruwa, sai na hangi allon shagon masu nutson da sunansu ke jikin takardarmu. Na ce bari in leƙa mu gaisa, in ga kayan da zan saka jibi. Ba don wannan leƙen ba, da labarin ya sha bamban.

Malamin nutson ɗan garin ne, siriri, rana ta gasa shi. Ya karɓi takardar ya duba, ya ce, "Kaka, Asabar da safe, nutso biyu a Mnemba. Jirginku na komawa yaushe ne?" Na ɗan ji wani iri, shekaruna ba su kai a kira ni kaka ba. Daga baya na gane a Swahili yaya ake nufi. Na ce Asabar ɗin ce, ƙarfe biyar na yamma. Sai ya ajiye takardar a kan tebur, ya tura mini ita da yatsa biyu, ya ce ba zai shiga ruwa da ni ranar Asabar ba, ko nawa na biya.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka irin dabarar nan ce ta wuraren yawon buɗe ido, a ƙirƙiro maka matsala don ka ƙara kuɗi. Na ɗaga murya, na ce na biya tun daga Najeriya, ga shaida, in ƙari yake so ya faɗa kawai. Uwargida tana jan hannun rigata tana cewa, "Abban Yara, ka bari ya yi bayani mana." Shi kuwa ko a jikinsa. Ya buɗe firij ya ɗauko kwalbar lemo, ya girgiza ta sosai, ya miƙo mini ya ce in buɗe.

Bayaninsa ke nan, kamar yadda na riƙe. Abin da ke cikin tukunyar ba oksijin zalla ba ne irin na asibiti, yadda yaron ofishin ya riƙa kiransa. Iskar nan ce da muke shaƙa aka matse, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari nata naitrojin ne. A zurfin mita 10 kacal, matsin da ke danne jikin mutum ya ninka na bakin gaɓa sau biyu, sai naitrojin ɗin ya riƙa narkewa cikin jini da tsoka. In ka fito, a hankali yake barin jiki ta numfashi, yana ɗaukar awanni. In ka hau jirgin sama bai gama fita ba, matsin iska a cikin jirgi bai kai na ƙasa ba, sai ya tashi ya yi kumfa a jikinka kamar lemon da ke hannuna. Mai sauƙin shi ne ciwon gaɓoɓi. Mai tsananin yana shanye jiki, yana kuma kisa. Maganinsa sai an saka mutum a wani ɗakin ƙarfe na musamman an mayar masa da matsin, kuma babu irin wannan ɗaki a sararin samaniya tsakanin Zanzibar da Addis Ababa, inda jirginmu zai yada zango. Ƙa'idar da masu nutso ke bi ita ce aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi fiye da ɗaya, su kuma a shagonsu awa 24 suke ba mutum don a huta da lissafi. A tsarin da aka sayar mini, zan fito daga ruwa wajen ƙarfe ɗaya, in tashi ƙarfe biyar. Awa huɗu.

Jikina ya yi sanyi. Na ajiye kwalbar ban buɗe ba.

A gabansa na kira yaron ofishin. Amsarsa ce ta fi komai ƙona mini rai: "Haba Alhaji, ai duk mutanenmu haka suke yi, ba wanda ya taɓa ƙorafi." Na maimaita wa malamin. Ya yi dariya ya ce duk waɗanda kamfanin nan ya taɓa turo musu leƙen ruwa kawai suke yi, wato a kwanta a saman ruwa da gilashi a fuska da ɗan bututu a baki, wanda ko ka fito ka wuce filin jirgi ba abin da zai same ka. Ni ne na farko da suka sayar wa nutso na gaske, kuma ba su tambayi kowa ba. Sun ga gurbi a ranar Asabar suka cusa shi, kamar mai shirya kaya a akwati.

Ba a nan ta tsaya ba. Malamin ya zaro wata takarda mai tambayoyin lafiya, e ko a'a, ya ce ai da ma kamata ya yi a turo mana ita tun muna gida. Hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, farfaɗiya, tiyata, asma. Uwargida tana da asma tun tana budurwa, ba ta rabuwa da abin shaƙarta a jaka. Duk wanda ya amsa e, sai da sa hannun likita. A nan ni ma na yi abin kunya, na raɗa mata da Hausa cewa ta rubuta a'a, ai ta daɗe ba ta tashi ba. Ta kalle ni ta ce, "Wallahi ba zan yi ƙarya a kan raina ba." Malamin bai ji Hausa ba amma ya gane, ya ce in ƙirji ya toshe a ƙarƙashin ruwa, iskar da ta maƙale a huhu kumbura take yi yayin da mutum ke tasowa, tana iya yaga shi. Na yi shiru. Da an ba mu takardar nan a Kano, da likitanta ya duba ta ya ce e ko a'a, mu san inda muka dosa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a bakin teku aka miƙo mana goran da wuƙar.

Mutumin da na gama yi wa tsawa shi ne ya zauna da waya yana kiraye-kiraye har ya samo mini gurbi a jirgin ruwan masu nutso na Juma'a da safe. Na ɗan yi jim saboda masallaci, uwargida ta ce ai matafiyi nake. Kafin magariba ya kai ni wurin wanka na wani otal kusa da su ya koya mini abin da ya sawwaƙa: yadda ake fitar da ruwa in ya shiga gilashi, yadda ake lalubo abin shaƙa in ya suɓuce daga baki, yadda ake toshe hanci a hura a hankali don kunne ya buɗe, da dokar da ya maimaita ta fi sau goma, kada ka riƙe numfashi ko na daƙiƙa ɗaya. Bai karɓi ko sisi a kan wannan ba.

Da sassafe aka kwashe mu a mota zuwa Muyuni a gefen gabas, daga nan jirgin ruwa zuwa Mnemba. Tsibirin ɗan ƙarami ne, kuma ba a taka shi, na masu wani otal ne na attajirai, sai dai ka gan shi daga ruwa. Aka ɗaura mini ɗamarar dalma, aka saɓa mini tukunya mai nauyin tsiya, na zauna a gefen jirgi na ba teku baya, aka ce in faɗa ta ƙeya. Na yi bisimilla na saki jiki.

Wajen mita 3 kunnena ya ɗauki zafi kamar ana soka tsinke. Na tsaya a jikin igiya, na hura, na ji ya yi ƙas, sai muka ci gaba. Daga nan kuma ban san yadda zan kwatanta ba. Ba ka jin komai sai numfashinka. Murjanin da na sani a wuyan mahaifiyata, ashe a can gari ne guda, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa. Kifaye rawaya sun fi ɗari suka ratsa mu ba su ko kula ba. Jan agogon hannuna ya koma ruwan ƙasa, don ja ne launin da ruwa ke fara haɗiyewa. Da wata ƙatuwar kififiya ta taso daga ƙasa ta wuce ta gabana a natse, murna ta sa na ɗaga wa malamin babban yatsa. Nan take ya kama ni ya fara yin sama da ni. Na manta a ruwa wannan alamar tana nufin a fita, ba madalla ba. Da ƙyar na fahimtar da shi lafiya lau nake.

Ba mu wuce mita 12 ba, iyakar ɗan koyo ke nan. Allurar da ke nuna sauran iskar tukunyata ta sauko daga 200 zuwa 50 cikin kamar rabin awa, saboda haki nake kamar wanda kare ya biyo. Muka tsaya minti uku a mita 5 kafin mu fito. A nutso na biyu hankalina ya kwanta, iskar ta fi daɗewa. Da na hau jirgi ina ɗokin ba da labari, sai na tarar uwargida, wadda aka bari a sama da rigar ceto da bututu, ta ga dolfin har guda shida, ni da na biya kuɗin zurfi ban ga ko ɗaya ba. Har yau tana yi mini gori.

Kada a ce na wanke shagon tas. Rigar robar da suka ba ni ta yage a hammata, tana kuma warin danshi. Gilashin ya yi ta yoyo ta wajen gashin bakina, sai a nutso na biyu wani ya tuna ya shafa mini man baselin. Kuɗin shiga yankin Mnemba daban aka karɓa, na bidiyo daban, bidiyon kuma rabinsa ƙafafuna ne da kumfa. Wurin ma ya cika da jirage, wasu direbobin suna bin dolfin da gudu suna tare musu hanya don baƙi su faɗa ruwa, abin bai yi mini kyau ba. Murjanin ya kakkarye a wasu wuraren, ya yi fari. Duk da haka in zan koma, wurin mutumin nan zan koma, kuma da shi zan fara magana kafin in sayi tikiti.

Har na so in sassauta wa kamfanin, tunda dai na ga abin da na je gani. Sai na tuna tallarsu ta ce har da satifiket. Da na tambayi malamin nawa satifiket ɗin, ya ce abin da na yi ɗanɗano ne na yini ɗaya. Takardar farko ta PADI, ƙungiyar da ke ba masu nutso shaida, kwana uku zuwa huɗu take ci, da karatu da jarrabawa, da iyon mita 200, da zama a saman ruwa minti goma, da nutso huɗu a teku, sannan a yarje maka mita 18. Kwana biyar muka yi a Nungwi. Da an faɗa mini gaskiya, da na bar gonar kanumfari da yawon kasuwa na yi kwas ɗin gaba ɗaya, in dawo da katina a aljihu.

Ga kuma kuɗin nutson uwargida da ba ta yi ba. Shagon sun nuna mini a rubuce cewa na leƙen ruwa kawai suka caji kamfanin a kanta. Ragowar na hannun su wa ke nan? Da farko aka ce ana bibiya. Sai aka ce oga ya yi tafiya. Sai aka ce ya tafi Umara, a bari bayan salla. Bayan salla saƙo ya shigo, na buɗe da sauri, ashe hoton barka da salla ne, a ƙasansa tallar sabon tsari zuwa Maldives, kwana huɗu, har da nutso a rana ta huɗu. Na rubuta musu tambaya ɗaya: jirgin dawowa ƙarfe nawa zai tashi? Sun karanta tun ranar, alamar ta yi shuɗi.