Masu haɗa motocin rimot a Sakkwato, ku yi hattara da wannan mutumin

Wallahi raina a ɓace yake. Naira 38,000 wani ya ci mini da rana tsaka. 38,000, a wannan marra!

Na'urar sarrafa gudun moto (injin lantarkin da ke juya tayoyi) nake nema, wato ESC, don motar da nake haɗa wa ƙanena a Mabera. Mutumin ya ce yana da guda 4, sabbi fil, kowace tana ɗaukar amfiya 30. Har bidiyo ya turo mini: ya tura sandar rimot gaba, moto ya juya, ya ja baya, ya juya baya, ya saki, ya tsaya cak. To ku gaya mini, wa zai ga wannan ya yi shakka? Ni ba yau na fara riƙe waya da dalma ba. Na tambaye shi batir, na ce nawa mai sel 2 ne, bolt 7.4. Ya ce "Haba malam, ko a jikinta, Allah ne shaidata." Wannan "Allah ne shaidata" ita ke ta yi mini yawo a kai har yanzu.

Da kayan suka iso na haɗa ɗaya, sai hayaƙi ya tashi, na yanke baƙar robar da ya naɗe su da ita. Ashe bod ne, wato allon lantarki, na cikin ƙaramin sarbo (ɗan moto mai giya da ke bin umarnin rimot), irin mai juyawa ba tsayawa, ya ciro ya ƙara masa wayoyi masu kauri don ya yi kama da abin kirki. Ba na ce dabarar ba ta aiki ba. Bod ɗin yana karɓar sigina daga risiba, wato abin da ke kama umarnin rimot: sigina mai tsawon milisakan 1.5 tsayawa, sama da haka gaba, ƙasa da haka baya. Amma an yi shi ne don bolt 4.8 zuwa 6 da ɗan mitsitsin moto. Shi ya sa a bidiyon ya sa ƙaramin moto, babu taya, babu nauyi. Ni kuwa babban moto, mai lamba 540, na haɗa. Ko juyi ɗaya bai cika ba.

Af, tun kafin nan ma, ranar da na karɓo saƙon a tasha, lambarsa ba ta shiga. A'a, ta shiga da safe, ya ce yana masallaci. Da yamma ne ya toshe ni a WhatsApp. Kuɗin kuwa tun kafin ya kai kayan tasha na tura, 38,000 cif, har da na mota a ciki, wai.

Na gwada ta biyu a cikin na'urorin da bolt 5 da ƙaramin moto. Ko ka saki sanda, sai ya dinga rarrafe shi kaɗai.

Sikirinshot na hirarmu da na alat duk suna nan, zan saka su in na huce. Kada ku tura kuɗi sai an gwada a gabanku, da motonku da batirinku. In an naɗe bod da roba, a buɗe. An ce mini ma ya sake suna, yana ci gaba da tallar su.